Naitiros na ZEX a kan Honda EOD mai kilomita sama da dubu 250: abin da na gani

Jama'a da yawa suna tambaya ta ko naitiros, wato iskar da ake fesa wa inji don ƙara masa ƙarfi, yana kashe tsohon inji, to ga bayani a kan kit ɗin da na ɗora wa motata, Honda Accord ta 2004 wadda muke ce wa EOD, mai silinda huɗu, giyar hannu. Kit ɗin na kamfanin ZEX ne na Amurka, mai kwalba ruwan shanshanbale, irin wanda yake fesa naitiros da fetur tare ta nozul ɗaya. Yana zuwa da jet, wato 'yan ƙarafa masu huda da suke ƙayyade yawan abin da ake fesawa, na ƙarin ƙarfin doki 55 da 65 da 75, ni dai na tsaya a 55 kuma ba ni da niyyar hawa sama.

Da farko a gane, naitiros ba mai ba ne, shi kansa ba ya ci da wuta. Iskar oksijin yake kawowa, kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 ce, in ya shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300 na Selshiyas sai ya rabu ya saki oksijin ɗin, sannan yana fitowa daga kwalba da sanyi na fitar hankali wanda yake sa iskar da injin ke zuƙa ta ƙara kauri. To oksijin mai yawa dole ya samu fetur daidai da shi, in fetur ya gaza sai wutar ta yi zafin da za ta narkar da bakin filogi ko ta huda fistan cikin 'yan daƙiƙu. Yawancin injinan da ake cewa naitiros ya kashe wallahi ƙarancin mai ne ya kashe su.

Shi ya sa na zaɓi mai fesa biyun tare. Ɗayan nau'in kit ɗin kuwa naitiros zalla yake turawa ya bar wa nozulolin motar su ƙaro fetur, ni kuma ban yarda in jingina rayuwar injina a kan nozul mai shekara 20 da ya sha man bumburutu iri iri ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan akwatin da yake sarrafa komai. Bawul ɗin naitiros da na fetur duk suna cikinsa, ana jona shi da sensan totur ka koya masa inda ƙafarka take in ka take har ƙasa, daga nan ba zai taɓa fesawa ba sai totur ya buɗe gaba ɗaya. Haɗin wayarsa ba wahala, duk bakaniken da ya iya wayarin zai gama a yini guda. Ƙarfin kuma akwai shi gaskiya, a giya ta uku za ka ji motar ta manna ka da kujera, doki 55 a kan inji mai doki 160 ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ni maganar da ta fi damuna ita ce ta lafiyar injin kafin a ɗora. Kar ka dubi lambar kilomita da ke kan dashbod, mu da muke sayen motocin Beljiyam kowa ya san ana juya ta baya kafin mota ta iso hannunka. Injin da ya yi dubu 250 ana canza masa baƙin mai a kan lokaci ya fi wanda ya yi dubu 120 a hannun mai sakaci. Ka sa a auna maka matsin kowace silinda da geji, in bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari ka haƙura. In salansa tana hayaƙi mai shuɗi, ko kana yawan ƙara baƙin mai, ko lagireto yana shan ruwa ba ka ga inda yake zuba ba, to ringi ko gasket sun riga sun gaji, naitiros zai ƙarasa su ne kawai. Ni sai da aka canza min famfon mai aka wanke nozul kafin a taɓa kwalbar, kuma kulochin da yake tafiya lafiya a da, ana fara fesawa ya fara zamewa, shi ma dole aka sa sabo. Masu EOD V6 otomatik ku yi hattara sosai, giyar nan tun 2004 Honda ta yi kiran motocin a dawo da su gyara saboda ita.

Filogi a sa mai sanyi mataki ɗaya, wato wanda ya fi na ainihi saurin fitar da zafi, a rage masa buɗin baki, a guji na filatinam. Ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce a ja tayimin, wato lokacin da filogi yake kunna wuta, baya digiri 2 a duk ƙarin doki 50, mu da fetur ɗinmu ba shi da tabbas bai kamata mu yi wasa da wannan ba. In ka ji injin yana ƙaf ƙaf kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ɗaga ƙafa nan take. Kuma kar a fesa ƙasa da juyin inji 3000 a minti, akwai na'urar da take tsare wannan iyakar, daban ake sayenta, ni a ganina ba zaɓi ba ce dole ce.

Sai zafin ƙasarmu. Kwalbar tana son matsi tsakanin 900 da 950 a ma'aunin matsi na psi, wanda ake samu a zafin wajen digiri 30 na Selshiyas. Turawa hita suke saya su ɗumama ta, mu kuma sai dai da asubar hunturu za ka buƙaci haka, matsalarmu ita ce mota ta yini a rana a watan Afrilu but ɗin da kwalbar take ciki ya zama tanda, matsi ya haura, naitiros ya fi fetur yawa, mun dawo kan maganar huda fistan ke nan. A sa geji a kan kwalbar a riƙa dubawa, a rufe bawul duk lokacin da ba a amfani.

Inda abin yake da ciwo shi ne cika kwalbar. Kilo 4 da rabi take ɗauka, a jet na 55 duka duka 'yan mintuna ne na fesawa ta ƙare, wuraren cikawa kuma ba su da yawa a nan, ga shi tun 2023 hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta sa ido a kan iskar saboda matasan da suke shaƙarta a balan-balan. Na mota ma ana gauraya shi da iskar sulfa don kar a shaƙa, kar wani ya gwada don Allah. Ka tabbatar da inda za ka riƙa cikawa kafin ka tura kuɗinka.

Ina ba kit ɗin maki huɗu cikin biyar, ga mai injin da ya ci jarrabawar geji kuma yake da filin da zai gwada babu jama'a. A kan titin gari da masu Keke Napep da yara 'yan makaranta suke tsallakawa, ban yarda kowa ya kunna shi ba.