Yadda jan birki ya ja min kunya a Jamus

Jama'ar majalisa ina gaisuwa. Tunda na sa hoton motar nan kuka dame ni da tambayar ina jajayen birkin da na yi ta cika baki a kansu, to yau zan faɗi gaskiya, suna can ɗakin ajiya a ƙasan bene cikin kwali, kuma wallahi har yanzu in na tuna yadda aka yi sai in ji kunya ta rufe ni.

Motar Golf 7 GTI ce ƙirar 2015, na saye ta ta hannu a nan Karlsruhe. Kar ku ji Golf ku tuna wadda ake cusa mutum huɗu a baya biyu a gaba daga Unguwa Uku zuwa Kaduna, wannan doki 220 ne a cikinta, in ka taka sai ka ji kujera ta manne maka a baya. Wata Lahadi ni da wani abokina ɗan Agadas muka hau hanyar duwatsun nan B500 da ta tashi daga Baden-Baden ta nufi Freudenstadt, a dawowa gangare ne da kwana-kwana kamar Hawan Kibo, ni kuma ina ta nuna bajinta, taka mai taka birki, taka mai taka birki, can sai na ji fedal ya yi laushi kamar na taka burodi, yana tafiya ƙasa motar ba ta ragewa yadda ya kamata, ga wani ƙauri na shigowa. Da ƙyar da taimakon giya na samu na gangara gefe, abokin nawa salati kawai yake.

Daga nan na yanke hukunci irin namu, wato birkin ne ya yi wa motar kaɗan. Na shiga intanet na samo wasu manyan kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifan birki, jajaye masu fistin huɗu-huɗu, da faifai mai huji-huji, da fad irin na masu tsere, duka a farashin da ya kamata ya sa ni zargi amma ina, kallon kitse nake wa rogo. Akwai gareji a nan da kake hayar wurin ɗaga mota da kayan aiki a biya duk awa, nan muka je muka ɗaura da kanmu ina jin kaina wani oga.

Tun washegari na fara gane akwai magana. Da sassafe cikin sanyi in ka taka sai ka ji kamar katako kake gogawa, ba ya kamawa sai ya ɗau zafi, ga ƙara ƙiiii a kowace danja har wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fara leƙo ni ta taga, ga baƙar ƙura ta rufe rim cikin kwana uku. Ashe fad ɗin tsere don zafi aka yi shi, a filin tsere yake aiki inda ake dukan birki ba hutawa, ba na mai kai yara makaranta ba ne. Na ce a raina zai saba.

Sai lokacin gwajin mota ya zo. A nan duk shekara biyu dole a kai mota a duba ta, sabuwa kuma bayan shekara uku na farko, mutane TÜV suke ce wa gwajin, sunan wani kamfanin gwajin mota ne, ko da a kamfanin DEKRA ko wani wurin aka yi, in ka ci sai a manna maka wata 'yar zagayayyar sitika a lambar baya mai nuna wata da shekara. Na je wani wurin gwaji da ba zan ambata ba, na wanke mota tana ƙyalli. Mai dubawar wani dogo ne mai furfura, ya hau da ita kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa da suke auna ƙarfin birkin kowace taya, sannan ya ɗaga ta sama ya haska tocila ta cikin rim, ya yi shiru, ya sake haskawa, ya juyo ya miƙo min hannu ya ce takarda. Na ba shi takardar mota. Ya ce ba wannan ba, takardar waɗannan jajayen. Na ce ai saya na yi, ga rasit a waya.

Mutumin nan bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Kiran wani yaro mai koyon aiki ya yi, ya mai da motata allon karatu, yana nuna masa wai duba nan babu lambar shaida, duba bayan fad ɗin nan babu alamar R90 mai nuna ya ci gwajin inganci, duba wannan ƙarfen da aka haɗa kalifan da shi ba wanda ya san ko da wane irin ƙarfe aka yi, mutum kusan biyar suna layi a bayana suna ji, ni ina tsaye da makulli a hannu kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Ya ce da wannan kayan izinin hawan motar kan titi ya faɗi, kuma in na buge wani inshora za ta iya ja min rigima. Ba sitika, wata ɗaya gare ni in gyara in dawo. Kuma ku ji halin gida, bakina har ya fara haɗa oga a taimaka, hannuna ya doshi aljihu, Allah ya so ni na tuna inda nake. Da na zaro Yuro ashirin ɗin nan da yanzu wani labarin kuke ji.

A ƙasar nan duk abin da za ka canza a birki wanda ba irin na asali ba sai da takarda, ko dai takardar izinin amfani da kayan da ake kira ABE wadda za ka riƙa yawo da ita a mota, ko kuma takardar gwajin kayan da za ka kai a duba a shigar maka cikin takardun mota. Abin ya ba ni haushi a ranar, na ce mutanen nan ko numfashi sai da takarda. Haushin ya ƙaru da na fara neman bakanike, ka buga waya a ce sai bayan sati uku, Asabar rabin rana, Lahadi ko kare ba ya buɗe shago, kuɗin aiki awa ɗaya ya haura Yuro ɗari kuma babu ragi babu alfarma babu Allah ya sa albarka. Nan na tuna garejinmu na gindin darbejiya, ka zo ba sanarwa a ba ka benci, a aiki yaro wajen mai shayi, wani ya hau acaɓa ya tafi Ƙofar Ruwa ya dawo da kaya kafin la'asar, ana hira ana dariya yaro yana ciki ana ce masa danna, riƙe, saki. Wallahi na yi kewar wannan har raina.

Amma dattijon bakaniken da na samu shi ya ƙarasa kashe ni. Na ba shi labarin gangaren nan, bai ko kalli kalifa ba, ya buɗe bonet ya tsoma wani ɗan abu kamar biro a cikin man birki sai ga jar wuta. Ya ce yaushe rabon da a canza man nan, na ce canzawa kuma? Ni a sanina ƙarawa ake yi in ya ragu. Ashe man birki yana shan ruwa daga iska a hankali, sabon mai irin wanda ake kira DOT 4 sai ya kai digiri 230 ko fiye kafin ya tafasa, in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, in ya tafasa kuma tururi ne a cikin bututu, tururi kuwa matsuwa yake, shi ne laushin da na ji. Shi ya sa suke canzawa duk shekara biyu. Wato matsalar da man Yuro ashirin zai warware ita na kashe wa kuɗin da zai yi wa gida azumi guda, garin neman gira na kusa rasa ido.

Ya kuma ce min abin da bai taɓa zuwa kaina ba, wai birkin asali na motar nan mai faifai milimita 312 ya isa ya sa ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, ya fara aiki, to in ya kai nan taya ce take tsai da mota, ka sa kalifa kamar tukunya ba zai rage maka taku ɗaya ba in tayar banza ce. Amfanin babban faifai shi ne ɗaukar zafi in ana ta maimaitawa, kuma in ina so ma akwai na kamfani mai 340 da ake sa wa GTI Performance. Huji-hujin nan kuwa a faifai mai araha nan tsagewa take farawa. Abin da ya yi min kaɗan ne, ya mai da kalifan asali, sabon faifai na kamfanin ATE, fad mai kyau na titi mai R90, robobin da man birki ke bi ta ciki ya canza su da masu saƙar waya da suka zo da ABE, ya zuƙe tsohon mai tas ya zuba sabo, ya sa na sayi tayoyi na kirki. Sannan ya ce kilomita ɗari biyu na farko in bi a hankali fad da faifai su san juna, kuma a gangare in riƙa barin giya tana riƙe mota.

Yanzu a babbar hanyar Autobahn inda babu iyakar gudu in kana 200 tirela ta leƙo, a nan za ka san bambanci, don ninka gudu sau biyu nisan tsayawa sau huɗu ne, motar kuwa tsayawa take cak fedal da tauri ba ƙara ba ƙauri.

Shi ne nake tuna mu. Mu da za a zuba ruwan omo a madadin man birki a ce zai kai ka gida, mu da fad zai cinye har ƙarfe yana cin ƙarfe direba ya ƙara sautin rediyo, a sayo fad a kwali mai sunan babban kamfani kowa ya san jabu ne amma ai ya fi araha, takardar lafiyar mota kuma a kawo maka har gida motar ba ta motsa daga inda take ba. In an yi haɗari a ce birki ne ya shanye, kamar shi birkin ne ya ga dama. Ni ma ɗin da nake wannan surutu shekara nawa na yi ina tuƙi a Kano ban taɓa canza man birki ba.

Na koma gwaji kwana huɗu kafin wata ya cika, dogon nan dai na sake samu, ya haska tocila ya duba takardar robobin ya manna sitika bai ce min komai ba sai sai an jima. Ƙanina tun da ya ji jajayen suna kwali yake damuna in sako masa su a kwantena wai zai sa a fasa su a ɗaura wa Corolla ɗinsa. Na ce a'a ya ce rowa ce. Abin da na aika masa ta hannun wani mai zuwa gida shi ne biron gwada mai guda biyu, ɗaya nasa ɗaya na ogan garejinmu, jiya ya turo min hoto ya tsoma a tasa motar, jar wuta har uku.