Farar Fitilar Mota: Abin da Mai Saye Zai Auna Kafin Ya Shiga Magazin

Duk wanda ya bi hanyar Kumasi zuwa Akra da dare a 'yan shekarun nan ya san cewa launin hanya ya canza. A da fitilun da ke tahowa daga gaba ruwan ɗorawa ne, amma yanzu tun daga Ejisu har Nkawkaw da yawa daga cikinsu farare ne fat, wasu har da shuɗi-shuɗi, ta yadda mai tsohuwar Corolla zai ji kamar da aci-balbal yake tafiya a tsakaninsu. Washegari sai ya nufi Suame Magazin, babbar kasuwar kayan mota ta Kumasi, ya ce a ba shi ƙwai mai fari, ba tare da ya tambayi kansa ko farin ne zai ƙara masa gani ba.

Launin haske daban, yawansa daban, kuma 'yan kasuwa ba su cika son a raba su ba. Launi ana auna shi da kelbin, wato lambar da ake rubutawa da harafin K a jikin kwali. Ƙwan halojin na asali yana wajen 3200K, na zenon da kamfani ya sa wa mota yana wajen 4300K, yawancin ƙwayayen LED na kasuwa kuwa 6000K ne ko 6500K. Yawan haske kuma da lumen ake auna shi. Lambar kelbin idan ta hau, abin da take nufi kawai shi ne hasken ya karkata zuwa shuɗi, kuma a ƙwan zenon da ya kai 8000K ko fiye, hasken da ke sauka a kan kwalta raguwa ma yake yi. Saboda haka wanda aka nuna masa babbar lamba aka ce masa ƙarfi ce, launi aka sayar masa.

Ba banza ba ne farar fitila ta yi suna. Tun da kamfanin BMW ya fara sa zenon a manyan motocinsa a 1991, mutane suka ga cewa motocin masu farin haske sun fi gani da dare, kuma gaskiya ne, domin ƙwan zenon mai wat 35 yana ba da lumen kusan 3200, alhali halojin samfurin H7 mai wat 55 bai wuce 1500 ba. Sai dai abin da ya sa suka fi gani shi ne yawan hasken da kuma gidan fitilar da aka ƙera musamman dominsa, farin kuwa rakiya ya yi. Duk da haka farin yana da nasa daɗi: allunan hanya da fentin tsakiyar titi suna fitowa sarai, launin abubuwa yana kusa da yadda ido ya saba gani da rana, kuma mota tana yin kamar sabuwa, abin da dillalai suka sani sarai shi ya sa suke canza ƙwai kafin su kafa mota a bakin titi.

Zaɓi mafi araha shi ne halojin da aka shafa wa gilashinsa shuɗin launi. Yana shiga soket ɗin mota ba tare da an taɓa waya ba, kuma tsarin hasken ba ya lalacewa. Matsalarsa ita ce shafin nan tace haske yake yi, yana tare ɓangaren ruwan ɗorawa don abin da ya rage ya yi fari, kuma abin da aka tare ya tafi ke nan. Domin a cike giɓin, kamfanoni kan sa siririyar wayar da ke ciki ta yi zafi fiye da kima, shi ya sa irin wannan ƙwai ba ya daɗewa. Mai shafi kaɗan na sanannen kamfani kamar Osram ko Philips ba shi da laifi ga wanda ado yake nema a cikin gari, amma wanda gilashinsa ya yi shuɗi kamar bulla, a bar shi a kan kanta.

Akwai kuma halojin mai gilashi garau wanda ake rubuta wa ƙarin kashi 100 ko 150 cikin ɗari. Bai yi fari sosai ba, kuma lambar tana nufin wani wuri ne a cikin hasken, ba hasken gaba ɗaya ba, amma yana tura haske nesa fiye da na asali, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da yawancin tsofaffin motocinmu, in dai mutum ya yarda zai riƙa canza shi da wuri. Kada a haɗa shi da ƙwan nan mai wat 100/90 da wasu direbobin trotro ke sawa a madadin H4 mai wat 60/55, wanda zafinsa ke narkar da soket, ya ƙona ƙyallin cikin gidan fitila.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin cusa zenon ko LED a gidan fitilar da aka ƙera don halojin, kuma a nan zan ɗan tsaya. Kwanon da ke cikin gidan fitila madubi ne da aka lanƙwasa da lissafi, don ya tattara haske daga wuri guda ɗan ƙarami, wato daidai inda siririyar wayar halojin take. Idan tushen hasken ya goce daga wurin ko da milimita ɗaya ko biyu, ko ya fi wayar kauri, madubin zai watsa hasken inda ba a nufa ba: wani ya zube a gaban bamba, wani ya hau bishiyoyi, wani ya shiga idon mai tahowa. Direba zai ga gabansa ya yi fari ƙal ya ɗauka ya samu, alhali hasken da ya yi yawa kusa da mota yana tsuke ƙwayar idonsa, sai nesa, inda ramin yake, ya ƙara duhu.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Wani mai shago a Magazin ya ɗauko ƙwan LED ya manna wayoyinsa biyu a kan batirin da ke ƙarƙashin teburinsa, hasken ya buge ni da rana tsaka har na kau da kai, ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka, wannan ko allura ce ta faɗi a titi za ka tsince ta." Na biya, yaronsa ya sa mini a take. Mako biyu bayan haka ruwa ya tare ni bayan Konongo, na ga kamar an rataya mini farin labule a gaban gilashi, kwaltar kuma baƙa ƙirin kamar ban kunna komai ba, ga kuma kowace tirela da muka haɗu sai ta watso mini ful, domin a zatonta ni ma a ful nake. Ƙwan da aka gwada a hannu, ba a cikin gidansa ba, ƙarfin kashe ido kawai ya nuna.

Ba duka LED ne suka zama ɗaya ba. Masu kyau an jera ƙananan idanunsu a kan siririn faranti daidai tsawo da matsayin wayar halojin, kuma a gidan fitila mai ƙwallon gilashi, wanda ake kira furojekta, sukan ba da layin yanka mai tsabta, wato iyakar sama inda hasken dim yake tsayawa. Masu fuska huɗu kuwa, waɗanda kwalinsu ke alƙawarin dubban lumen da ba a taɓa aunawa ba, su ne suka fi watsa haske. Sannan LED yana tara zafi a gindinsa, inda aka sa masa 'yar fanka, kuma ƙurar hanyoyinmu kan toshe ta. Wasu masu wayarin ma sukan cire robar bayan gidan fitila don ƙwan ya samu shiga, daga nan ruwa da ƙura sun sami ƙofa. Zenon na kasuwa shi kuma yana buƙatar akwatin balas, wato na'urar da ke kunna shi tana daidaita masa wuta, yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya kai cikakken haske, abin da ya sa bai dace da ful ba. Ba kawai don ƙa'ida ba ne dokar Turai ta ce dim ɗin da ya wuce lumen 2000 sai an haɗa shi da na'urar daidaita tsayi da ta wanke gilashi.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko da ƙura, musamman ga masu hawa arewa ta Techiman da Kintampo zuwa Tamale, duk hasken da ya tashi sama da layin yanka ƙura ce za ta dawo da shi cikin ido, kuma ido ya fi jin zafin wanda ya karkata zuwa shuɗi. A kan jan burji na hanyoyin ƙauye, haske mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi fito da tudu da kwari, farin kuwa yakan shafe su su zama bai ɗaya. Faransa ta daɗe tana tilasta wa motocinta fitila ruwan ɗorawa, tun daga ƙarshen shekarun 1930 har zuwa 1993.

Sai haƙƙin wanda ke tahowa. A titunan Aboabo da Asawase, inda mai pragya, wato keke mai ƙafa uku, da mai babur da yaran makarantar dare ke raba hanya ɗaya, direban da ka kashe wa ido na daƙiƙa biyu motarsa ba ta tsaya ba, kuma kai ne mafi kusa da shi. Dattawa da masu yanar ido sun fi kowa wahala, domin idonsu ya fi jinkirin dawowa bayan haske ya buge shi. Hukuma ma ba ta yi shiru ba: a 2021 hukumar kiyaye haɗurra ta NRSA tare da 'yan sandan hanya na MTTD sun bi hanyoyi suna cire fitilun ƙari da dokar hanya ta 2012 ba ta amince da su ba.

Wanda ya matsu da farin haske na gaskiya, hanyar da ta fi inganci ita ce ya sayi gidan fitila gaba ɗaya, irin wanda kamfanin motar ya ƙera da zenon ko LED, in akwai shi ga irin motarsa. Ana samun hom-yus, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, a Magazin da kasuwar Abossey Okai ta Akra, kuma kuɗinsa ya ninka na ƙwai sau da yawa. A nan ma akwai tarko. Tun watan Agusta na 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, don haka dim ɗinmu ya kamata ya ɗan ɗaga ta dama, wajen gefen titi. Gidan fitilar da aka ciro daga motar Japan ko Ingila ta hagu yake ɗagawa, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa, kuma babu juyin sukuru da zai gyara shi.

Kafin a kashe ko sidi ɗaya a kan ƙwai, a duba abu uku da galibi su ne asalin duhun. Murfin fitilun zamani roba ne, rana kan mayar da shi rawaya da dishi-dishi, kuma gogewa da sabon shafi kan dawo da haske fiye da yadda sabon ƙwai zai yi. Sai wuta: halojin yana da saurin jin raguwar bolt, raguwar kashi 5 cikin ɗari kan cinye kusan kashi 15 na haske, don haka a sa mai wayarin ya auna abin da ke isa soket yayin da inji ke aiki, in ya gaza ya sa rile da waya mai kauri. Na uku shi ne saiti, wanda kowa zai iya dubawa a ƙofar gidansa bayan isha'i. A tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe marar gangara, mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da alli a bango daidai wannan tsayi, sannan a kunna dim. Saman hasken ya kamata ya sauka kusan santimita 10 ƙasa da layin, da yanka a fili, ba tare da tartsatsi a sama ba.

Mai tafiyar dare a manyan hanyoyi da gidan fitila na madubi, halojin garau mai alamar E ko DOT, wato shaidar cika ƙa'idar Turai ko ta Amurka, ya ishe shi, a canza biyun tare, kuma kada a taɓa gilashin da yatsa domin maiƙon hannu kan sa ya fashe da wuri. Mai furojekta da ke son fari ya tsaya tsakanin 4300K da 5000K. Kuma kowane ne aka zaɓa, a yi sharaɗi da mai shago tun kafin a biya cewa za a kai shi gaban bango a daren nan, in ya watsa haske sama da layin alli a dawo masa da shi da safe.