Hripsime da Zvartnots: ɗaya na tsaye, ɗaya ya zama kufai

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa cocin Hripsime ke tsaye har yau amma cocin Zvartnots ya rushe, alhali duka biyun ginin ƙarni na 7 ne, kuma maƙwabtan juna ne a yankin Vagharshapat na ƙasar Armeniya.

Hripsime ne ya girme shi. Shugaban cocin Armeniya, Komitas, ya gina shi a 618 a kan kabarin wata budurwa mai wannan suna, wadda ruwayar cocin ta ce Sarki Tiridates na Uku ya sa aka kashe ta don ta ƙi aurensa. Zvartnots kuwa aikin wani shugaban cocin ne, Nerses na Uku, daga 643 zuwa wajen 652, lokacin da Rumawa da Larabawa ke ja-in-ja a kan ƙasar.

Amsar tambayarka tana cikin tsarin ginin. Hripsime a dunƙule yake: tulluwa ɗaya a tsakiya, lunguna huɗu masu siffar rabin da'ira sun tokare ta ta kowace fuska, ga ɗaki a kowace kusurwa, duk cikin bango mai kauri. Ta waje an yi wa bangon dogayen tsagu masu kusurwa uku, tagogi kuma ƙanana. Ba wani ƙyale-ƙyale, amma a ƙasar da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce, wannan shi ne dabara.

Shi Nerses burge duniya ya so yi. Ya sa aka yi gini kewayayye mai fuska 32, faɗinsa ya haura mita 35, ya ɗora nauyi mai yawa a kan ginshiƙai. An sassaƙa mikiya ta buɗe fukafukai a kawunan wasu ginshiƙan, an yi adon inabi da rumman, har sunansa ya sa da haruffan Girkanci. A ƙarni na 10 ginin ya faɗi, galibi kuma girgizar ƙasa ake ɗora wa laifin. Ƙasa ta binne shi sai farkon ƙarni na 20 aka tono shi. Hoton Zvartnots mai hawa uku da ake yaɗawa hasashen masanin gine-gine Toros Toramanian ne, kuma ba duka masana suka yarda da shi ba.

UNESCO ta sa su duka a jerin kayan tarihin duniya a 2000. In hoto kake so, ginshiƙan Zvartnots da Dutsen Ararat a bayansu sun fi ɗaukar ido. Ni dai Hripsime zan tura ka, don can ne za ka tsaya ƙarƙashin tulluwar ka ga inda nauyinta ke sauka, kuma har yanzu ana ibada a ciki.