Kayan koyar da yara gurɓatar iska: me za a saya, me za a bari a kanti

Kafin makaranta ta fitar da ko kwabo, a fara tsayar da tambayar da ake son ɗalibai su amsa, domin babu na'ura guda da ke ganin komai. Akwai ƙura mai kauri da ake kira PM10, irin wadda ke kwanciya a kan benci lokacin hunturu. Akwai ƙananan ɓurɓushi, PM2.5, waɗanda yawancinsu daga hayaƙi suke: na itace, na janareta, na bola da tayar da aka cinna wa wuta. Kaurin gashin kai maikron 50 zuwa 70 ne (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), su kuwa ba su wuce maikron 2.5 ba, shi ya sa suke kutsawa can cikin huhu. Sai kuma iskar gas, wadda ita ma kayan aunata daban ne. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicin PM2.5 na awa 24 ya wuce maikrogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba, na PM10 kuma 45. Waɗannan lambobi biyu a rubuta su a gefen allo.

Mafi araha shi ne kwali da basilin, kuma ga 'yan firamare babu abin da ya fi shi. A yanka farin kwali santimita 10 kowane gefe, a zana akwati mai santimita 5 a tsakiya, a raba shi gida 25. A shafa basilin sama-sama, a huda, a rataye da zare daidai tsayin fuskar yaro. Ɗaya a bakin titi, ɗaya kusa da janareta, ɗaya inda ake girki, ɗaya cikin aji, na biyar kuma a rufe shi cikin ambulan don kwatance. Bayan kwana uku zuwa bakwai a ƙirga ɗigon da ke cikin gida biyar da gilashin ƙara girma, a fitar da matsakaici. Idan basilin ya yi yawa, zafin Maris da Afrilu zai narkar da shi ya zubo da ƙurar gaba ɗaya. In ana hazo kuwa kwana biyu ya isa, in ba haka ba dukan kwalayen za su koma launi ɗaya, darasin ya tashi a banza. Sai dai malami ya faɗa wa yara gaskiya: abin da suke gani manyan ne, masu illar ba sa ganuwa.

Daga nan sai na'urar hannu mai batir, irin waɗanda kamfanin Temtop ke yi. A cikinta akwai ƙaramar fanka da ke zuƙo iska, da hasken leza da ɓurɓushin ke giftawa ta cikinsa. Daga yadda hasken ya watse take ƙiyasta nauyinsu. In kuɗin abu ɗaya kawai ke akwai, wannan za a saya. Dalili kuwa shi ne yaro na riƙe ta da hannunsa, ya ga lamba ta tashi a gabansa. A kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a ƙarshen aji, a rufe taga minti biyar, a rubuta lamba, a buɗe taga, a sake rubutawa duk bayan minti biyu. Yaro mai asma ya tsaya a waje, shi ya riƙe littafin. Gobe a share rabin aji a bushe, jibi a yayyafa ruwa kafin shara. Duk inda aka je a jira minti ɗaya zuwa biyu lambar ta nutsu, a ɗauki awo uku. Wajen saye a tabbatar tana nuna maikrogiram, ba lambar AQI kaɗai ba, wato makin da ake ba ingancin iska. Ma'auni biyu ne mabambanta: AQI 150 a lissafin Amurka daidai yake da kusan maikrogiram 55, kuma wasu na'urorin da lissafin Chaina suke aiki, wanda ya sha bamban. A duba kuma ko ana cajinta da wayar USB, yadda fawa bank zai ɗauke ta.

Ga inda mai saye a Kano ko Damagaram zai yi hattara. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana da manyan ƙwayoyi, su kuwa waɗannan ƙananan na'urori a kan hayaƙi suka fi ƙwarewa. Da yawansu ba sa auna PM10 kai tsaye, lissafo shi suke yi daga ƙananan da suka gani. Don haka ranar da hazo ya rufe gari har jirage suka kasa sauka, na'urar na iya nuna lamba ƙasa da abin da ke akwai. Da damina kuma akasin haka: in danshi ya haura kashi 70 cikin ɗari, ɓurɓushin na shan ruwa su kumbura, lambar ta zarce gaskiya. Na'urar ta dace da kwatanta nan da can, safe da rana. Ba ta kai a kafa hujja da ita a kan masana'antar unguwa ba.

Akwai wasu masu kyan fuska da suka cika kasuwar intanet, biyar-a-ɗaya ko bakwai-a-ɗaya, da farashi mai sa mutum murmushi. Yawancinsu ƙwayar awo (sensa) guda ce a ciki mai jin tururin sinadarai, sauran lambobin ƙirƙiro su take yi. Gwajinsu ba wuya: a kusanto da audugar da aka ɗiga wa turare ko sanitaiza. Idan lambar kabon dayoksaid ta yi tsalle, ta bogi ce. Na'urar kabon dayoksaid ta gaske za a ga an rubuta NDIR, sunan hanyar awonta, a jikin kwalinta, a waje tana nuna kusan kashi 420 cikin miliyan, kuma numfashin mutum ne ke ɗaga ta. Tana da amfani a ajin da ya cika maƙil, inda wuce 1,000 ke nuna iska ba ta shiga yadda ya kamata, amma ba ita ce ta farko a jerin sayayya ba. Haka ƙwayar MQ-135 mai jin iskar gas da ake cusawa cikin kayan gwajin ɗalibai: ba ta ganin ƙura ko kaɗan, kuma sai ta yini ta kwana a kunne kafin ta daidaita.

Sakandaren da ke son bayanan wata da watanni, ta kafe na'ura a bango. Na'urar PurpleAir ta zo a haɗe, da ƙwayoyin awo biyu na kamfanin Plantower, A da B. In lambobinsu suka rabu sosai, an san ɗaya ta toshe ko ƙwaro ya shiga. Tana aika bayanai zuwa taswirar da kowa ke gani, kuɗinta ya haura dala 200, kuma tana son wuta da intanet ba yankewa. A nemi samfurin da ke ɗaukar katin ajiya, don kada bayanai su salwanta in data ta ƙare. Ɗaya hanyar ita ce a haɗa da hannu bisa tsarin Sensor.Community da ya faro daga birnin Stuttgart na Jamus: ƙwayar SDS011 mai auna ɓurɓushi, allon NodeMCU mai tura bayanai ta intanet, ƙwayar BME280 mai auna zafi da danshi, ɗan siririn tiyo, cajar waya mai bolt 5, da gwiwar bututun ruwa guda biyu a matsayin gida. Kuɗin bai kai rabin na PurpleAir ba, kuma haɗawar kanta darasi ce. Amma rayuwar lezar SDS011 kusan awa 8,000 ce, ƙasa da shekara guda in tana aiki ba hutu, shi ya sa manhajar ke tashinta jefi-jefi, kusan duk minti biyu da rabi. In babu malamin da zai iya gyara ta, a sayi haɗaɗɗiya. Ko wacce aka zaɓa, a kafe ta a inuwa ƙarƙashin rufi, bakinta na kallon ƙasa, nesa da salansar janareta, da ƙaramin sola da batir.

Manhajojin waya irin IQAir kyauta ne, sun isa a kwatanta birane a darasin labarin ƙasa. A lura dai: garin da ba shi da tashar awo, lambarsa ƙiyasi ce daga tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta.

Makarantar kwana kuwa tana da abin da ya riga duk waɗannan: ƙararrawar kabon monoksaid. Wannan iskar ba ta da wari ko launi, daga janareta da gawayin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi take fitowa, tana kashe mutum cikin barci, kuma na'urar PM2.5 ba ta ganinta. A nemi mai ɗauke da lambar EN 50291 ko UL 2034, a duba ranar da aka ƙera ta, domin ƙwayar cikinta na mutuwa bayan shekara biyar zuwa goma ko da ba a buɗe kwalin ba. A sa ɗaya a kowane ɗakin kwana da ke kusa da janareta ko kicin, a ba shugaban ɗaki aikin danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata.