Aquatabs: ƙwayar tsarkake ruwan sha da iyakar ƙarfinta

Aquatabs ƙaramar farar ƙwaya ce da kamfanin Medentech na ƙasar Ayalan yake yi, kuma mutanenmu da dama sun fara ganinta ne a hannun ma'aikatan lafiya lokacin ɓarkewar kwalara, ko lokacin da ciwon hanta nau'in E ya addabi Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno a 2017. Ana jefa ta cikin ruwa, ta narke, ta saki sinadarin kulorin, a jira minti 30 kafin a sha.

Abin da ke faruwa a cikin wannan rabin awa shi ne ainihin abin da mai saye ya biya wa kuɗi. Bairos, irin ƙwayar cutar da ke kawo ciwon hanta nau'in E, ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya hayayyafa da kansa. Ɗan ƙunshin ƙwayar gado ne a cikin kwanson furotin, wanda ba ya iya komai sai ya manne wa ƙwayar halittar jikin mutum ya kutsa cikinta. Kulorin yana lalata furotin ɗin kwanson, wani lokaci har ya taɓa ƙwayar gadon da ke ciki, don haka bairos ɗin yana nan a cikin ruwan, ana ma haɗiye shi, amma ya rasa abin da zai buɗe ƙofa da shi. Bakteriyar kwalara da ta taifot kuwa kulorin yana fasa fatarsu ya tsayar da aikin sinadaran cikinsu. A wannan fanni Aquatabs tana cika alƙawari, kuma ta fi ruwan bilic na kwalba juriya, domin tana kai shekara 5 a cikin takardarta, alhali bilic yana rage ƙarfi cikin watanni a zafin ƙasarmu.

Sai dai tana da sharuɗɗan da masu rabawa ba su cika tsayawa su bayyana ba. Girmanta ba ɗaya ba ne, kuma wadda aka auna wa lita 20 ba za ta wadatar da jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 da aka cika maƙil ba, saboda haka karanta takardar wajibi ne. Ruwan rijiya ko na kududdufi da ya gurɓace da laka yana cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta, dole a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a ninka ƙwayar. Akwai kuma ƙwayar cutar gudawa mai suna Cryptosporidium wadda kwansonta ya fi ƙarfin wannan adadin kulorin, ita sai tafasawa. Gubar dalma irin wadda ta kashe yara a Zamfara a 2010 ba ta cikin lissafin ma gaba ɗaya.

Warin kulorin yana sa yara su ture moɗa, amma a ganina ƙaramin aibi ne, tun da ɗan warin nan alama ce ta cewa akwai sauran kulorin da ke tsare ruwan daga hannun da zai tsoma kofi a randa. Ga gidan da ke sayen ruwa a kura, kuma kuɗin gawayi ko gas ya hana tafasa na sha kullum, ta cancanci kuɗinta, musamman da damina.