Kabad ɗin tik ɗin da na saya a gwanjo, da abin da sanfefa ta tona min

Tun zuwanmu birnin Aarhus na ƙasar Danmak nake ganin dogayen kabad ɗin nan na katakon tik (wani katako mai tsada) a shagunan gwanjo, masu siraran ƙafafu, ƙofofinsu turawa ake gefe, irin na shekarun 1960. Sun shiga raina sosai. Maigida ya ce me zan yi da kayan tsofaffi ga sababbi a kantin kayan ɗaki na IKEA, na ce masa ai kwanukan da Hajiya ta aiko min ba za su dawwama a kwali ba.

Mutumin da na sayi nawa a wurinsa, da ya sa shi a intanet ya rubuta wai zanen Arne Vodder ne, wani shahararren mai zanen kayan ɗaki ɗan Danmak, kuma da bakinsa ya ce min katako ne zalla ciki da waje. Kun san kuɗin da ake tsuga wa kayan nan da zarar an ambaci sunan Vodder, haka na runtse ido na biya. Gaskiya da ya shigo falo ya yi kyau ba ƙarya, durowoyin nan suna zamewa sumul kamar jiya kafinta ya gama su.

Sai ranar sallah. Gida ya cika da baƙi, ina kicin, wata baiwar Allah ta sauke tukunyar miya da zafinta ta ɗora a kai, ko faifai ba ta sa ba. Da aka watse na ɗaga sai ga farin zobe raɗau a tsakiya, wallahi kamar in yi kuka. Na goga mai, na goga tsumma, yana nan. Maigida ya ce tunda katako ne zalla a sa sanfefa a kankare kawai, ni kuma na biye masa, ina ta gurza ina jin daɗi farin yana fita, can sai na ga launi ya sauya, wani abu fari-fari mai burtsi-burtsi ya leƙo. Ashe tik ɗin falle ne siriri aka manna a sama, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, ƙasansa allon garin katako ne. Na zauna a ƙasa na yi tagumi.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne da ya yi aikin kafinta, shi ya zo ya duba. Dariya ya fara yi, ya ce kusan duk kabad na zamanin haka ake yinsu har masu tsadar, don tik daga ƙasashen Bama (Myanmar) da Tailan ake kawo shi, kuma faffaɗan katako zalla lanƙwashewa yake ko ya tsage in hita ta busar da ɗaki lokacin sanyi. Ƙafafu da baki-baki da mariƙi ne kawai tik na gaske. Ya zaro durowa ya nuna min yadda aka sarƙe kusurwoyin kamar yatsu, ba ƙusa ko ɗaya. A nan na ɗan huce, na ce to aikin dai na ƙwarai ne, ni ce na yi gaggawa.

Amma da ya kwantar da shi ya leƙa baya da ƙasa, babu tambarin kowa, balle na Sibast, kamfanin da ya ƙera yawancin kabad ɗin Vodder. Ya ce ƙananan masana'antu da yawa a Danmak sun yi masu kama da shi. Sai haushin ya dawo min sabo, har na tuna makullin ƙofar tsakiya da mai sayarwar ya ce zai aiko yau wata huɗu, ga warin taba da ya kama cikin, na sa gawayi na sa turaren wuta har yanzu in ka tura ƙofa sai ya buso. Na yi masa saƙo sau uku, ya karanta ya yi shiru.

Kabad ɗin na ba shi huɗu cikin biyar, mai sayarwa ko ɗaya bai ci ba. Wajen da na gurje kuwa na ɗora babban tire na jera kofunan shayi a kai, na kuma hana kowa ɗagawa.