Gargaɗi ga masu firigo a Maraɗi: ku yi hattara da mai yawon "canza taima"

Assalamu alaikum ƴan'uwa mazauna Maraɗi, musamman mata masu sana'ar ƙanƙara, zoɓo da yawur a cikin gida. Akwai wani mutum da ke yawo a babur unguwa-unguwa, da jakar kayan aiki da ƴar tukunyar gas ɗaure a baya, yana cewa shi mai gyaran firigo ne, mai canza taima, wato ƴar na'urar da ke sa ƙanƙarar cikin firigo ta narke lokaci-lokaci. Ni nan unguwar Zariya ya ci mini jika 27 cikin wata guda, kuma da na fara ba da labari sai na tarar ba ni kaɗai ya cuta ba.

Firigona mai ƙofa 2 ne, irin mai fanka a ciki, wanda ƙanƙara ba ta kama bangonsa. A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, sai ƙasan ya daina sanyi. Sama da ɗan dama-dama, amma zoɓon da na jera ƙasa da dare, da safe sai in same shi kamar a tsakar gida ya kwana. Yawur roba 30 ya lalace mini rana ɗaya. Ina cikin wannan damuwa mutumin ya yi sallama da hantsi, bayan maigida ya fita. Ya kara kunne jikin firigon, ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, taima ce ta mutu. Ki cire shi daga kuran, ki bar ƙofofin a buɗe har gobe, zan zo da sabuwa." Washegari ya zo, ya juya firigon, ya tsuguna a bayansa kamar minti 10, ya nuna mini wani ƙaramin kwali daga nesa, ya karɓi jika 12. Kafin la'asar firigo ya ɗauki sanyi, har addu'a na yi masa.

Kwana 12 matsalar ta dawo. Na kira shi, ya ce wannan karon gas ne ya ƙare, a sake cirewa daga kuran har gobe. Jika 15. Kwana 10 kuma muka koma gidan jiya. A zuwa na uku ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, moter ne ya gaji. A sa shi a adaidaita in kai shago, ki ba da jika 40 kafin alƙalami." A nan maigida ya ce firigon ba zai fita gidan ba, ya je ya ɗauko wani dattijo mai shagon gyara da ya daɗe da sani.

Dattijon bai ce komai ba sai da ya kwance murfin da ke can cikin ɗakin sama, bayan inda muke jera ƙanƙara. Na leƙa da idona: bututun sanyin duk sun nutse cikin dunƙulen ƙanƙara, fari fat, kamar an zuba siminti, fankar ma ta maƙale a ciki ba ta juyawa. Sannan ya zaga baya ya haska da fitilar salula ya ce, "Ƴata, zo ki gani." Tsohuwar taimar tana nan inda take, da ƙurarta da yanar gizo-gizo a kai, ba a ko kwance ƙusarta ba. Abin da mutumin ya yi kawai, ya zare waya 2 daga jikinta ya murɗe su tare, ya naɗe da baƙin salatif. Zancen gas kuwa, dattijon ya nuna mini ɗan guntun bututun da ke jikin moter, wanda sai an yanke shi ko an huda shi an sa bawul kafin gas ya shiga. Babu alamar walda, babu bawul, fentin kamfani na nan lafiya lau. Ko ɗigon gas bai sa ba.

Ga yadda abin yake, kamar yadda Baba, wato dattijon nan, ya yi mini bayani har na gane. Irin wannan firigo ma yana tara ƙanƙara, sai dai a ɓoye, a jikin bututun da ke bayan murfin nan. Taima ƴar ƙaramar na'ura ce mai ɗan inji a ciki, tana juyawa a hankali kamar agogo. Bayan awa 6 zuwa 12, gwargwadon irinta (tawa awa 8 aka rubuta a jiki), sai ta tsayar da moter na kamar minti 20 zuwa 30, ta kunna wata hita da ke ƙarƙashin bututun. Ƙanƙarar ta narke, ruwan ya bi ta wani siririn tiyo ya sauka cikin faranti a baya, zafin moter ya busar da shi. In taimar ta tsaya, hita ba za ta ƙara kamawa ba, ƙanƙara ta yi ta taruwa har ta toshe hanyar iska, ƙasa ya daina samun sanyi. Wani lokaci kuma a ɗaya ɓangaren take tsayawa, wato lokacin narkar da ƙanƙara, sai ka ga fitilar ciki na kamawa amma moter shiru, a ce maka ya ƙone alhali lafiyarsa ƙalau.

To ku dubi maganar nan tasa ta "ki cire shi daga kuran har gobe". Damfarar gaba ɗaya a nan take. Firigon da ya kwana a kashe da ƙofa buɗe a zafin Maraɗi, ƙanƙararsa ta narke da kanta, kuma zai yi sanyi sati 1 ko 2 ko da ba wanda ya taɓa shi. Narkewar nan ya sayar mini har sau 2. Wallahi abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, domin ya san da ribar dala-dala na tara kuɗin.

Gwajin gaskiya bai ɗauki minti 15 ba. Baba ya cire filogi, ya mayar da wayoyin muhallinsu, ya jona, ya sa turnabis a wani ɗan rami da ke jikin taimar ya juya a hankali, ta yadda hannun agogo ke tafiya, har muka ji "ƙas". Moter ya tsaya. Jim kaɗan muka fara jin ruwa na ɗiga, ƙanƙara na tsattsagewa. Ya ce hita da ɗan makunnin zafin da ke tare da ita suna aiki, injin cikin taimar ne ya mutu. Da hitar ba ta yi zafi ba, to canza taima ba zai yi maganin komai ba. Sabuwar da aka sayo ba ta kai rabin abin da na ba wancan a zuwansa na farko ba, kuma a gabana aka sa, aka miƙo mini tsohuwar.

Mai son canzawa da kansa a gida, aikin ba wuya, amma ya fara cire filogi. Ƙafa 4 gare ta, da lamba 1 zuwa 4 a jiki, kuma jerin wayoyin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a ɗauki hoto da salula kafin a zare ko ɗaya, a tafi da tsohuwar shago a gwada. A karanta jikinta: wutarmu ta Nijar bolt 220 ce, akwai kuma taimomin da ake cirowa daga tsofaffin firigon Amurka masu bolt 110 zuwa 120, waɗanda ba sa jure wutarmu. Kada kuma a sa wuƙa a sassaƙe ƙanƙarar. Bututun na da laushi, in ya huje to a lokacin ne gas zai tsere da gaske, kuma wanda aka rubuta R600a a bayansa gas ɗinsa na kama wuta. Gas ɗin firigo ba ya ƙarewa kamar na girki, sai in akwai inda yake yoyo. Duk wanda ya ce ya ƙare, a ce ya nuna wurin yoyon.

Maƙwabciyata ta ba mai babur ɗin nan jika 10 na taimar kwanjilatar, irin mai murfi a sama da ake buɗewa kamar akwati. Baba ya ce irin wannan, da ƙaramin firigon da ƙanƙara ke kama bangonsa a fili, ba su da taima sam. Wata baiwar Allah kuma a Bagalam ta bari ya tafi da nata, bayan sati 2 aka dawo mata da shi da wani moter mai tsatsa wanda ba nata ba, kuma tun ranar lambarsa a kashe.

Mun kai maganar wurin mai unguwa. Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa iyayenmu mata da ba sa karatu, ko ya tura musu da murya ta WhatsApp, domin gidajen da maza suka fita yake shiga, tsakanin hantsi da azahar. Kada a bar firigo ya fita gida a hannun wanda ba a san shagonsa ba, kuma duk abin da aka ce an canza, a karɓi tsohon a hannu kafin a biya. Ranar Juma'ar da ta wuce wata ƙawata ta gan shi wajen unguwar Ali Ɗan Sofo, da tukunyar gas ɗin nan ɗaure a bayan babur.